Yadda kaushin ƙasan magudana ke riƙe ruwa, da yadda ake zaɓen lambar n

Tambayar ita ce: an yi magudanan ruwa biyu buɗaɗɗu, girmansu ɗaya, gangarensu ɗaya. An zuba wa ɗaya kankare, an bar ɗayar da ƙasa da tsakuwa, sai ga ta kankaren tana ɗaukar ruwa kusan ninki biyu. Mai tambaya yana son sanin yadda kaushin ƙasa ke rage gudun ruwa, da kuma lambar kaushi, wato n, da zai sa a lissafinsa, tunda kowane tebur ya duba sai ya tarar da lambobi uku ko fiye a gaban abu ɗaya.

Malam, abin da ka gani daidai ne, kuma lissafi zai nuna shi. Amma ka fara riƙe wannan: ruwan buɗaɗɗiyar magudana nauyinsa ne ke jan sa zuwa gangare, gugar da yake yi da ƙasa da gefuna kuma ita ke riƙe shi. Idan ja da riƙo suka yi daidai, ruwa ya daina ƙara gudu, zurfinsa ya tsaya a wuri ɗaya. Ƙarfin gugar a kan kowane murabba'in mita na ƙasa shi ne τ = ρgRS. ρ nauyin ruwa ne, kilo 1000 a kubik mita. g ƙarfin jan da ƙasa ke yi wa abu ne, 9.81; S gangare; R kuwa ana samunsa ne idan aka raba faɗin fuskar ruwan da aka yanka a gicciye, wato A, da tsawon bangon da ruwan ya jiƙa, wato P, ƙasa da gefuna biyu, ban da saman ruwa. Duba da kyau, babu kaushi a cikin wannan lissafin. Ma'ana, idan zurfi ɗaya ne gangare ɗaya ne, ƙarfin gugar ɗaya ne a kankare da tsakuwa. Bambancin yana ga gudun da ruwa zai kai kafin ya haifar da wannan gugar. A kan tsakuwa, da ɗan gudu kaɗan ya kai ta. A kan kankare mai sulɓi, sai ya yi gudu sosai. Ɗalibai da yawa a nan suke ruɗewa.

To yaya tsakuwar take yin riƙon? Ruwa ya daki gaban dutse, matsi ya ƙaru a wurin. Ya kewaya bayansa, sai ya kasa bin jikin dutsen, ya rabu da shi, ya bar wani gurbi inda ruwa ke murɗawa, matsi ya ragu. Bambancin matsin gaba da na baya shi ne mafi yawan riƙon. Murɗe-murɗen nan suna tashi su shiga jikin ruwa, suna ɗaukar ruwa mai nawa daga ƙasa zuwa sama, suna sauko da mai sauri, har ƙarfin ya ƙare a matsayin ɗan zafi da ba a ji. Shi ya sa tsarin duwatsun ma yake da tasiri. Idan an jera su a matse, ruwa yakan bi ta samansu ya wuce, gurbin da ke tsakaninsu ya zama mataccen ruwa. Idan sun yi nisa da juna ƙwarai, ba su da yawan da za su riƙe. Gwaje-gwaje da sanduna da aka gicciya a ƙasan magudana sun nuna riƙon ya fi tsanani idan tazarar ta kai wajen ninki 7 zuwa 10 na tsayin sandar.

Akwai kuma wani siririn shimfiɗin ruwa dab da ƙasa wanda danƙon ruwa ke hana shi murɗawa. Idan kaushin bai leƙo sama da shi ba, ruwa bai ma san da shi ba. Johann Nikuradse ne ya tabbatar da wannan a Jamus a 1933, da ya manna yashi mai girma ɗaya a cikin bututu ya auna. Ana duba lambar u*ks/ν, inda u* = √(gRS), ks tsayin kaushi, ν kuma danƙon ruwa, wajen 0.000001 a ɗumin digiri 20. Ƙasa da 5, bangon sumul ne a wurin ruwa. Sama da 70, cikakken mai kaushi ne. A magudanar da za mu yi misali da ita yanzu u* ya kai 0.078, saboda haka duk kaushin da ya wuce milimita 0.9 ya shiga rukunin ƙarshe. Wato kusan kowace magudana ta gaske, har kankaren da ba a goge ba, mai kaushi ce, kuma ƙa'idar Manning ta lissafin gudun ruwa, wadda za mu gani yanzu, a wannan rukunin kawai take aiki. A ƙaramar magudanar gilashi ta ɗakin gwaji ba za ta ba ka gaskiya ba.

Antoine de Chézy na Faransa ya fara rubuta V = C√(RS) a ƙarni na 18, inda V gudun ruwa ne, C kuma lambar da ke nuna sulɓin magudana. Robert Manning, injiniya a Ailan, ya gabatar da tasa a 1889, kuma Gauckler ya riga shi da makamanciyarta a 1867. Ita ake amfani da ita yau:

V = (1/n) × R^(2/3) × √S

Da mita da sakan ke nan. Littattafan Amurka masu amfani da ƙafa suna sa 1.49 a madadin 1, amma n ɗin ba ya canzawa. Wanda ya haɗa mita da 1.49 ya ƙara wa magudanarsa kashi 49 cikin ɗari na ruwan da ba za ta ɗauka ba.

Ɗauki magudana mai faɗin ƙasa mita 2, gefunanta a karkace, kowane mita 1 na tsayi mita 1.5 na faɗi, zurfin ruwa mita 1, gangare 0.001, wato mita 1 a kowace kilomita. A ya zama 3.5, P ya zama 5.61, R ya zama 0.624. R^(2/3) shi ne 0.73, √S kuma 0.0316. Idan kankare ne mai n na 0.014, gudu mita 1.65 a sakan, ruwa kubik mita 5.8 a sakan. Idan ƙasa ce da tsakuwa mai n na 0.025, gudu 0.92, ruwa 3.2. Ga kusan ninki biyun da ka gani. Bar ta ciyawa ta cinye ta har n ya kai 0.050, ruwa ya koma 1.6. Idan kuwa ka tilasta wa ta ƙasar ɗaukar 5.8 ɗin nan, zurfi zai tashi daga mita 1 zuwa 1.34. In gaɓarka ba ta da wannan rarar, ambaliya ce. A magudana mai faɗi sosai, zurfi yana bin n^0.6, saboda haka kuskuren kashi 20 a n yakan zama kashi 12 a zurfi, amma kusan kashi 20 ɗin nan yake fitowa a yawan ruwa.

Yanzu ga inda nake son ka tsaya. Teburan da ka gani, waɗanda yawancinsu daga littafin Ven Te Chow na 1959 aka kwaso su, suna sa mutum ya ɗauka n sifar kayan gini ce, kamar nauyin ƙarfe. A'a. Lamba ce da aka tara duk abin da ke rage gudun ruwa aka ɗora mata, kuma tana sauyawa da zurfi da lokacin shekara.

Girman tsakuwa shi kaɗai tasirinsa bai kai yadda ake zato ba. Strickler ya nuna a 1923 cewa n ≈ d50^(1/6) / 21.1, inda d50 girman tsakuwar da rabin sauran suka fi ta ƙanƙanta ne, da mita. Tsakuwa mai santimita 2 ta ba ka 0.025, mai santimita 4 ta ba ka 0.028. Ka ninka girman, n ya ƙaru da kashi 12 kawai. Kafin n ya ninka, sai girman ya ninka sau 64. Saboda haka idan ka auna kogi mai ƙananan tsakuwa ka sami n na 0.050, kada ka ɗora wa tsakuwar laifi. Rabin n ɗin daga wani wuri yake zuwa, sai ka neme shi.

Abin da ya fi girman dutse muhimmanci shi ne yadda ruwa ya rufe shi, wato R a raba da d84, girman da kashi 84 na duwatsun ba su kai ba. Ana zaɓen d84 ne don manyan duwatsun su ne ke leƙowa su tare ruwa, ƙananan a bayansu suke fakewa. Shi ya sa Hey ya ba da ks ≈ 3.5 × d84 a 1979 don kogunan tsakuwa. Limerinos ya auna koguna a jihar Kalifoniya ta Amurka ya fitar da wannan a 1970:

n = 0.113 × R^(1/6) / (1.16 + 2 log(R/d84))

Gwada shi da d84 na santimita 10. Idan R mita 2 ne, n ya zo 0.034. Idan ya sauka zuwa 0.3, n ya zama 0.044. A 0.15, ya haura 0.054. Kogi ɗaya, duwatsu ɗaya. Wanda ya auna n a lokacin ƙarancin ruwa ya kai shi lissafin ambaliya zai ƙiyasta ruwan ƙasa da yadda yake, wanda ya yi akasin haka kuma zai zaci akwai gudu inda babu. Muddin R/d84 ya faɗi ƙasa da 4, ƙa'idar Strickler ta fara kaucewa. Idan ya kusa 1, duwatsu sun fito waje, ruwa yana tsalle yana kumfa a tsakaninsu, to lamba ɗaya tak ba za ta iya bayyana wannan ba. Don irin waɗannan ƙoramu masu tsananin gangare, tsakanin 0.002 da 0.04, Jarrett ya fitar da n = 0.32 × S^0.38 × R^(−0.16) a 1984 daga ma'aunin jihar Kolorado, kuma gara a fara da ita a kan tebur.

Ƙasan yashi shi ne mafi wuyar sha'ani, domin ruwa ne ke gina kaushinsa da kansa. Yashi mai rabin milimita, in da zai kwanta lafiya, n ɗinsa wajen 0.013 ne, kamar kankare. Amma ba ya kwanciya. Da ruwa ya fara motsa shi, sai ya yi ƙananan kunyoyi masu tsayin 'yan santimita, irin waɗanda ba sa fitowa sai a yashin da bai wuce kamar milimita 0.6 ba. Gudu ya ƙaru, sai su zama tuddai: bayansu mai hawa a hankali, gabansu mai faɗawa tsaye, tsawon kowanne wajen ninki 6 zuwa 7 na zurfin ruwa, tsayinsa kamar kashi ɗaya cikin shida na zurfin. Ruwa yana rabuwa da ƙasa a bakin kowane tudu, yana barin babban gurbi mai murɗawa, kamar dai yadda yake yi a bayan dutse, sai dai wannan dutsen tsayinsa na iya kai mita a babban kogi. A nan n kan kai 0.030 zuwa 0.040. Sai abin mamakin: idan gudu ya ƙara ƙaruwa, lambar Froude, wato V/√(gh) inda h zurfin ruwa ne, ta doshi 1, ruwa ya share tuddan, ƙasa ta koma shimfiɗe, n ya faɗo zuwa 0.012 ko 0.015. Simons da Richardson sun bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya a magudanar gwaji a Kolorado a shekarun 1960. Sakamakon shi ne kogin yashi yana iya ɗaukar ruwa mai yawa fiye da da, alhali zurfinsa bai ƙaru ba, wani lokaci ma ya ragu. An ga haka a kogin Rio Grande a Amurka, inda jadawalin zurfi da yawan ruwa ya karye gida biyu. Haka kuma tuddan ba sa girma ko rushewa nan take, suna bin ruwa a baya, shi ya sa zurfi ɗaya kan ba da ruwa daban a lokacin hawan ambaliya da lokacin saukarta.

Maganin wannan a lissafi shi ne raba riƙon gida biyu, na ƙwayar yashi da na siffar tudu, kamar yadda Hans Albert Einstein da Barbarossa suka yi a 1952. Rabon yana da amfani fiye da neman zurfi, domin kason ƙwayar ne kaɗai ke tura yashi. Wanda ya sa dukan τ a lissafin kwasar yashi a ƙasa mai tuddai zai sami adadin da ya zarce gaskiya nesa ba kusa ba.

Ciyawa ita ma ba ta tsaya wuri ɗaya. Idan ruwa kaɗan ne tana tsaye, ya ratsa ta cikinta, n na iya wuce 0.10. Ruwa ya ƙaru ya kwantar da ita, ta zama kamar shimfiɗa, n ya faɗo zuwa 0.03 ko 0.04. Masu kara mai tauri da bishiyoyin fadama ba sa kwanciya, su kam riƙonsu ƙaruwa yake idan ruwa ya kai ga rassa, kuma teburin Chow ya kai su har 0.15 da 0.20. Magudanar da aka yi watsi da ita ciyawa ta kai tsayin ruwa tana tsakanin 0.05 da 0.12. Ko kankare, gansakuka da ɗan yashin da ya kwanta a ƙasa sukan ɗaga shi daga 0.013 zuwa 0.016 ko 0.017.

Don haɗa duk wannan, hanyar Cowan ta 1956 tana da kyau saboda tana tilasta maka duba abubuwa ɗaya-ɗaya: n = (n0 + n1 + n2 + n3 + n4) × m. n0 na kayan ƙasa ne: 0.020 ga ƙasa, 0.024 ga ƙananan tsakuwa, 0.028 ga manya. n1 na rashin daidaiton bango, daga 0 zuwa 0.020. n2 na sauyawar girman magudana, har 0.015. n3 na abubuwan da suka tare hanya, kututture, ƙafar gada, tarkace, har 0.060. n4 na ciyayi, daga 0.005 har 0.100. m kuma na lanƙwasa: 1.0, ko 1.15, ko 1.30. Magudanar ƙasa mai ɗan zaizayar gaɓa (0.005), mai ɗan sauya faɗi (0.005), da 'yan tarkace (0.010), da matsakaiciyar ciyawa (0.015), mai lanƙwasa a bayyane, za ta ba ka 0.055 × 1.15, wato 0.063. Ninki uku ke nan na abin da ƙasar kaɗai ta bayar. Hattara dai da ƙirga abu sau biyu: idan ka ɗauko n0 daga teburin da ya riga ya haɗa ciyawa, kada ka sake ƙara n4. Haka idan kana lissafi da kwamfuta kuma manhajar tana cire asarar gada da ta ƙuntatar magudana da kanta, kada ka sa su a n3 da n2.

Idan ƙasa daban gefuna daban, a yi amfani da ƙa'idar Horton: n = [Σ(P × n^1.5) / P duka]^(2/3). A misalinmu, ƙasan tsakuwa mita 2 mai 0.030 da gefunan kankare mita 3.61 masu 0.014 sun ba da 0.020. Amma idan ruwa ya fita ya hau fadama, kada ka haɗa su a lamba ɗaya. P yakan yi tsalle lokaci guda, R ya faɗi, lissafi ya nuna maka wai ruwa ya ragu alhali ƙaruwa ya yi. Raba fuskar gida uku, uwar kogi da fadamun biyu, kowanne da A da P da n nasa, sannan ka tara.

Duk da haka, a ganina babu abin da ya kai aunawa, kuma ba ta da wuya. Girman duwatsu da hanyar Wolman ta 1954 ake samunsa: ka ratsa kogin kana tafiya, a kowane taku ka kau da ido ka miƙa yatsa gaban ƙafarka, dutsen da ka fara taɓawa shi za ka ɗauka, ka auna matsakaicin gefensa, ba mafi tsawo ba, ba mafi siranta ba. Ka yi haka sau 100 aƙalla, ka jera daga ƙarami zuwa babba. Na 50 shi ne d50, na 84 shi ne d84. Kau da idon dole ne, don ido manyan duwatsu yake zaɓa. Yashi kuwa sai a busar a tace da rariyoyi masu girma daban-daban.

Don samun n kai tsaye, nemi miƙaƙƙen wuri wanda babu gada ko madatsa a ƙasansa da ke mayar da ruwa baya. Tsawonsa ya kai ninki 75 na zurfi, ko saman ruwa ya sauka da santimita 15 daga farko zuwa ƙarshe. Auna fuska uku aƙalla. Auna gudu a wurare 20 zuwa 25 a faɗin kogin, a kashi 0.6 na zurfi daga sama, ko matsakaicin na 0.2 da 0.8 idan ruwan da zurfi. In babu na'ura, sa abu mai yawo a kan ruwa ka ninka gudunsa da 0.85. Sai ka juya ƙa'idar: n = A × R^(2/3) × √S / Q, inda Q yawan ruwan da ke wucewa ne a sakan. Inda aka fi ɓata aikin shi ne S. Gangaren saman ruwa ake so, ba na ƙasa ba, kuma da na'urar auna bambancin tsayi ake ɗaukarsa a kan turakun da aka kafa. A gangaren 0.001, mita 100 santimita 10 kawai ke ba ka. Kuskuren santimita 1 a kowane ƙarshe ya zama kashi 20 a S, kashi 10 a n. Idan fuskokin ba girmansu ɗaya ba, a ƙara V²/2g a kan tsayin ruwan kowace fuska kafin a fitar da gangaren. A maimaita awon a ƙaramin ruwa da babba, kafin ciyawa ta fito da bayan ta fito. Inda ba a sami damar awo ba, a gwada wurin da hotunan koguna 50 da Barnes ya wallafa a 1967, waɗanda aka auna n ɗinsu.

Game da lambobi ukun da ke cikin tebur, kowacce da aikinta. Ɗauki babbar, ta magudanar da ta tsufa ba a share ta ba, ka fitar da zurfi da tsayin gaɓa. Ɗauki ƙaramar, ta ranar da aka gama gini, ka fitar da gudu don duba zaizaya. Lallausan yashi a ruwa mai tsabta ba ya jure fiye da mita 0.45 a sakan, yumɓu mai tauri yakan jure wajen 1.1, bisa ma'aunin Fortier da Scobey na 1926. Ta ɗaya ɓangaren kuma, gudun da bai kai 0.6 ba yakan bar laka ta kwanta, wanda bai kai 0.75 ba yakan bar ciyawa ta kama, ciyawar ta ƙara n, gudu ya ƙara raguwa, laka ta ƙara kwanciya. Sannan ka kula da inda kankare ya ƙare ya shiga ƙasa. Ruwan da ya fito da gudun 1.65 yana faɗawa kan ƙasar da ba ta jure ko 1.1, sai ya haƙa rami a bakin kankaren, ya ci ƙarƙashinsa har ya karye. A wurin a haƙa katangar kankare ta nutse ƙasa, a jera manyan duwatsu a bayanta a kan shimfiɗar ƙananan tsakuwa mai hana ƙasar tsiyayewa ta tsakaninsu, kuma a lissafa wannan yankin da n na 0.033 zuwa 0.036.